Daga Bakin Shago: Man giyar da ya kwantar mini da mota wata guda

Ina gaishe ku daga nan Sabha, inda sanyi ya fara kankama, har mun fara fito da barguna daga ƙasan kaya muna jerawa a gaban shago.

Na yi niyyar wannan makon mu ci gaba da maganar aika kuɗi gida, sai ga saƙon wata baiwar Allah daga Damagaram ya sauya mini hanya. Maigidanta yana aikin gini a Misrata, ya shekara huɗu yana tari, ya sayi tsohuwar Hilux ya aika gida ana jigilar kayan kasuwannin ƙauye da ita. Ita ke karɓar balas a hannun direba, da shi ake cefane, da shi ake biyan kuɗin makarantar yara. To direban ya zo ya ce mata giya ta fara tauri da safe, a ba shi kuɗi ya canza mai, kuma iri biyu ne a kasuwa: akwai na durom da ake aunawa da gwangwani, akwai na galan mai tsada. Ta ce, "Baba, wanne zan ce ya saya? Ni a wurina duk mai mai ne."

Hajiya, ba ke kaɗai ba. Ni ma da furfurata haka na ɗauka har zuwa sanyin shekarar 2022. Ni ba bakanike ba ne, ɗan kasuwa ne, amma wannan karatun na biya kuɗinsa da tsada, don haka bari in raba muku shi kyauta.

Ina da Hilux mai shan gas, mai giya biyar ta hannu, na saye ta na hannu. Ɗan ƙanwata ke jan ta. Aikinta ɗaukar taliya da man girki da tumatirin gwangwani daga nan, ta bi ta Taragin da Ummul Aranib ta sauke a Gatrun, wajen kilomita 300 ke nan, can masu gangarawa Tumo da Dirku su karɓa. Ƙarshen zafin shekarar da ta gabace ta yaron ya ce mini, "Kawu, tun da aka sayi motar nan ba a taɓa man giya ba." Na ce to je ka canza. Na ba shi kuɗi, kuma ban ɓoye muku ba, na ƙara da cewa kada ya yi mini almubazzaranci. Ya tafi wani wurin juye a bakin hanya. Mai wurin ya ce masa ƙasar nan ƙasar zafi ce, mai kauri shi ne mai, ya ɗebo masa daga durom, wanda idan ka tsoma yatsa sai ya biyo ka kamar zuma. Da wannan man guda aka cika giya, aka cika akwatin ogzilari, aka cika aksul na gaba da na baya. Yaro ya dawo mini da canji. Har na yaba masa.

Wata biyu ba a ji komai ba. Da Disamba ta shigo sai ya fara cewa idan ya tada mota da asuba giya ta biyu ba ta shiga sai ya danna da ƙarfi. Na ce sanyi ne, kowa ma gaɓoɓinsa sun yi tauri. Wanda bai zauna Fezzan ba yana zaton kullum wuta ake, alhali a watan Janairu dare kan yi sanyin da ruwan buta zai gagare ka taɓawa, wani lokaci ma ya kusa daskarewa. Yaro ya ci gaba da danna giya, ita kuma tana ƙara, ƙurrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Daga baya ko mota ta yi zafi sai ta yi wannan ƙarar.

Ranar da abin ya faru, ya wuce Gatrun ta wajen Tajarhi zai kai wa wani abokin ciniki kaya, ya sauka daga kwalta ya shiga yashi. Duk wanda ya san tuƙin rairayi ya san cewa rai yana ga saurin canza giya. Yana cikin ta uku mota ta fara nauyi, ya nemi ta biyu, ta ƙi. Ya sake nema, ta yi ƙara ta ƙi. Kafin ya samu ta ɗaya mota ta tsaya ta nutse har ciki. Sai ya shiga kokawa da ita, gaba, baya, gaba, baya, har kuloci ya ƙone. Shi da yaron mota suka kwana a nan da jarkar ruwa guda, babu sabis, ga sanyi. Ni kuma a nan Sabha na kwana ina kiran waya, uwarsa tana kirana daga gida tana kuka, ina ce mata lafiya lau alhali ban san komai ba. Sai washegari da hantsi Allah ya kawo wani direba Batube ya fisge su.

Sannan suka ƙara wani kuskuren. Suka ɗaura igiya, aka jawo motar tun daga can har Sabha, giya a firi, ba a kwance farfela ba. Zan dawo kan wannan.

Akwai wani dattijon bakanike, Bamaraɗe, ya haura shekara ashirin yana gyara a garin nan, Larabawa ma Usta suke ce masa. Da ya sauke giyar ya warware ta a kan buhu, sai ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini wani zobe na tagulla, faɗinsa kamar bakin kofin shayi babba, ya ce in shafa cikinsa. Na shafa, sumul. Ya ɗauko sabo ya ce in shafa. Sai na ji ƙananan zane-zane kamar na zaren noti, masu kama yatsa. Ya ce, "Alhaji, wanga zane shi ne giya. In ya tafi, giya ta tafi." Ya karkato kwanon da ya tsiyaye man a ciki ya sa shi a rana, sai ga mai yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya. Ya ce ga zobbanka nan, sun narke a miya.

Abin da ya fahimtar da ni, da wanda na bi na karanta daga baya, shi ne wannan. A cikin giya, haƙoran ƙarfe suna juyawa kowanne da gudunsa. Idan za ka canza, dole a daidaita gudun biyu kafin su haɗu. Kun ga yaron mota idan zai hau babbar mota tana tafiya, ai sai ya bi ta da gudu har gudunsa ya zo daidai da nata, sannan ya kama ya ɗare. Idan ya kama daga tsaye, hannu zai bari a can. To aikin zoben tagullar nan ke nan, makanikai suna ce masa sinkoronaiza. Yana matse wani wuri mai kama da mazurari a jikin haƙorin, kamar ɗan ƙaramin birki, ya rage masa gudu ko ya ƙara, sannan giya ta faɗa salin-alin. Kuma ba zai kama ba sai ya share man da ke tsakani, shi ya sa aka yi masa wannan zanen. Idan mai ya cika kauri, zoben ba ya iya share shi da wuri, sai direba ya ji tauri ya danna da ƙarfi, haƙora su gwabza. Idan kuma mai ya cika santsi, zoben ya matse amma ya yi ta zamewa. Wato giyar hannu tana son mai, amma tana son a bar mata ɗan kamu. Wannan ne abin da ban taɓa tunani ba, don ni a ganina iyakar aikin mai santsi.

Yanzu mu zo ga rubutun da ke jikin galan, don a nan amsar Hajiya take. Abu biyu za ki sa a duba, kuma ko wanda bai yi boko ba zai iya gane su, tunda lambobi ne.

Na farko lambar kauri: 75W-90, ko 80W-90, ko 85W-140, wani lokaci 90 kawai. Wata ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ita ta tsara su. Lambar farko mai harafin W tana faɗin yadda man yake gudana cikin sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin gudana. An auna 75W har zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri, 80W zuwa 26, 85W zuwa 12. Za ku ce ina ruwanmu da wannan sanyi na Turawa? Gaskiya ba ma kai wa can, amma bambancin yana nan tun a sanyinmu na asuba. Ku zuba 75W-90 da 85W-140 a kofi biyu ku bar su a waje daren Janairu, da safe ku karkata su, ba sai an yi muku bayani ba. Lamba ta biyu kuwa kaurin man ne idan ya yi zafi, ana auna shi a digiri 100, zafin tafasar ruwa. A wannan zafin, mai lamba 140 ya kusa ninka mai lamba 90 kauri. Wanda aka zuba mini daga durom, Usta ya ce 140 ne ko ɗan'uwansa, man aksul na manyan motoci.

Wani abin da ke ruɗa mutane, suna ganin baƙin man inji 40 ko 50, man giya kuma 90, sai su ɗauka man giya ya ninka shi kauri. Ba haka ba ne. Ma'aunin ne daban. Man giya mai lamba 90 kaurinsa kusan ɗaya da baƙin mai 40 ko 50. Da gangan aka ba su lambobi masu nisa da juna don kada a riƙa musanya su, abin da ke cikinsu ne ya bambanta.

Maganar "ƙasar zafi sai mai kauri" ita ce ta fi cin mutane a nan da Agadas da ko'ina, kuma tana da daɗin ji, shi ya sa. Amma yawancin giyar hannu ta ƙananan motoci ba ta da famfon mai. Haƙoran ƙasa ne ke tsoma kai cikin man su watsa shi sama, ya bi ƙananan hanyoyi ya kai ga boris. Mai kauri ba ya watsuwa da kyau, ba ya shiga lungu da wuri, kuma juya shi da haƙora ke yi kamar tuƙin tuwo shi kansa zafi yake ƙarawa, ya ƙara shan mai. Ai lambar 90 ɗin nan a digiri 100 aka auna ta, zafin Sabha kuwa ko a watan Yuli arba'in da wani abu ne. Waɗanda suka ƙera motar sun san da Sahara.

A nan ne kuma maganar jan mota ta shigo. Idan inji a kashe yake, giya a firi, ana jan mota tayoyin baya suna ƙasa, farfela tana juya sandar cikin giya, amma haƙoran da ke watsa mai suna tsaye. Sanda tana gudu a bushe. Daga gareji zuwa gareji a cikin gari ba komai. Kilomita ɗari uku da wani abu kuwa, boris biyu suka ƙone mini a kan haka, ba su da alaƙa da man durom. Noti huɗu ne a bakin farfela ta baya. Ku gaya wa direbobinku, duk ranar da za a ja mota nesa, a kwance su a ɗaure farfelar, ko a ɗora motar bisa wata.

Abu na biyu a jikin galan shi ne GL-4 ko GL-5, yawanci da haruffan API a gabansu, wato cibiyar harkar man fetur ta Amurka. Nan ne rigimar take. Mutum yana ganin 5 ya fi 4, sai ya ce a ba ni mai biyar. Ba aji ba ne na makaranta, aiki ne daban-daban. Haƙoran aksul, waɗanda ke karɓar juyi daga farfela su raba wa tayoyi, ba haɗuwa kawai suke ba, gogar juna suke da matsi mai tsanani. Don haka ake zuba wa mansu sinadarin farar wuta da fosfaras, idan ƙarfe ya yi zafi sai su yi masa wata 'yar riga, rigar ta riƙa cinyewa maimakon ƙarfen. Wannan warin na man giya mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, wanda idan ya taɓa riga uwargida ta yi wanki uku bai fita ba, farar wutar ce. GL-5 yana ɗauke da wannan sinadari kusan ninki biyu na GL-4. A aksul alheri ne. A giya mai zobban tagulla kuwa yana iya zama matsala ta fuska biyu: santsinsa ya hana zobe kamu, sannan tagulla ba ta da ƙarfin baƙin ƙarfe, rigar da ya yi mata idan ta ɓare sai ta tafi da ɗan jikinta, kaɗan-kaɗan, musamman idan giya ta yi zafi da kaya.

Amma bari in yi adalci, don na ga wasu a intanet sun mai da GL-5 kamar guba. Man zamani na kamfanonin kirki an gyara sinadarinsa, ba ya cin tagulla kamar na da. Akwai ma wanda aka rubuta masa GL-4 da GL-5 tare. Kuma littafin Hilux da Land Cruiser da yawa masu giya biyar, abin da ya ce shi ne 75W-90, GL-4 ko GL-5, duka ya yarda. Saboda haka ba zan ce harafin 5 ne kaɗai ya kashe mini giya ba. Da na matsa wa Usta ya faɗa mini mai laifi guda, sai ya ce laifin kashi uku ne: kaurin man, da rashin sanin abin da ke cikin durom ɗin, da hannun yaro. Na ce ka manta na huɗu, mai motar da aka gaya wa tun Disamba ya ce sanyi ne. Ya yi dariya bai musa ba. Ni dai ra'ayina, inda littafi ya ba da zaɓi, GL-4 nake zuba wa giya, don tun da na koma kansa ta biyu take shiga da yatsa biyu ko da asuba. Inda littafi ya ce GL-4 kaɗai, to kada a kuskura a sa wani.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne a juya maganar. Wani ya ji an ce GL-4 ya fi, sai ya zuba shi a aksul. Wannan kam ba ya jira, haƙoran za su fara kuka, wuuu, a kan hanya, su cinye. Aksul GL-5 yake so, 80W-90 ko 90 a yawancin motocinmu, sai fa in littafi ya faɗi wani. Wasu aksul ɗin baya kuma akwai faifan kamu a cikinsu don kada taya guda ta yi ta juyawa a yashi, waɗannan suna da mansu mai alamar LSD, galibi akwai takarda manne a jikin aksul ɗin. Akwatin ogzilari a tsofaffin Toyota man giya yake sha, sababbi kuma wasu nasu daban ne.

Don kada a yi asarar magana wajen saye: a nan Libiya giya sunanta kambiyo, kalmar Italiya ce ta zauna, sai ka ce zait kambiyo, ka ƙara da adi, wato ta hannu, don kada a miƙo maka jan man otomatik. A Nijar kuma buwat ake cewa, aksul kuma fon. Na taɓa ganin ɗan Kano da ɗan Tawa suna musu a gaban mai shago Balarabe, ashe abu guda suke nema.

Ba kowace giyar hannu ce ke shan 75W-90 ba, wannan ma a riƙe. Sababbin motoci masu giya shida da yawa man da suke so ya fi haka ruwa, wani 75W kawai aka rubuta masa, wani 75W-80. Ka zuba musu 90 sai su yi tauri. Tsohuwar Honda ta farkon shekarun 1990, wadda 'yan Kano ke kira Hala, baƙin man inji 10W-30 ko 10W-40 littafinta ya ce a zuba a giya, man giya mai wari lalata ta yake. Akwai ma giyar hannu da jan man otomatik take sha. Masu manyan Marsandi da ke gangarawa Dirku kuwa, kamfanin yana da lambobinsa da ake bugawa a bayan galan ko durom: 235.1 na giya, 235.0 na aksul. Shi ya sa maganar ba ta wuce littafin mota. Na san mafi yawan motocinmu sun zo ba littafi, an yar da shi tun a hannun mai ita na uku. To lambar shasi tana nan. A ɗauki hotonta, a kai wa masu sayar da kayan gyara na asali, ko a ba wani yaro mai waya ya nemo littafin. Aikin minti goma ne.

Saura maganar durom da galan. Ba duk man durom ne mugu ba, manyan gareji da durom suke saye, kuma idan durom ɗin a rufe ya zo da tambarinsa, kana ganin rubutun, ba laifi. Matsalar ita ce durom ɗin da rubutunsa ya goge, murfinsa a buɗe, ga iskar gibli tana zuba masa ƙura, ba ka san sau nawa aka sake cika shi ba ko da me. Galan ma ba a rantse a kansa. Mu 'yan kasuwa mun san ana tsintar fanko a cika a liƙe. A duba zoben murfi bai tsinke ba, a duba takardar azurfa ta bakin, a duba lambar da inji ya buga ta ranar yi, ba wadda ke cikin zanen takarda ba. Wanda arharsa ta yi yawa a bar shi. Giyar Hilux tsakanin lita 2 da 3 take ci gaba ɗaya, ana kuma daɗewa ba a canza ba. Abin da na tsira da shi ranar da yaro ya kawo mini canji bai kai kuɗin katan guda na taliya ba. Gyaran kuwa, da zobba da boris da kuloci da ladan wanda ya jawo motar, ya cinye ribar wata uku, ban da wata guda da mota ta yi a kwance ina biyan haya a motar wasu.

Hajiya, ga abin da za ki yi. Kafin a sayi komai, ki tambayi direban: taurin nan a kowace giya ne, ko a guda ɗaya? Idan mota tana tsaye inji na aiki, ta ɗaya da ribas duk suna wahalar shiga, to a fara duba kuloci da mansa, mai yiwuwa ba ya saki ne, man giya ba zai gyara wannan ba. Idan da safe ne kawai, ta biyu ce ta fi yi, kuma tana sakewa in mota ta yi zafi, to alamar mai ce, ko ya yi kauri ko ya tsufa ko ya ragu, kuma kin kama abin da wuri. Idan kuwa giya guda tana ƙara ko da zafi, zobenta ya tafi, sabon mai zai ɗan lallashe ta ne kawai, ki fara ware kuɗin gyara. Kafin nan direba ya riƙa taka kuloci sau biyu irin na tsofaffin direbobin manyan motoci, ya dakata a firi ya ɗan ba ta wuta kafin ya sauko ƙasa, kada ya danna.

Ranar juyen ki tura wani naki ya tsaya, ko ƙaninki ko babban ɗanki. A yi shi mota da ɗuminta, a wuri mai daidai ba gangare ba. Noti biyu ne, na zubawa a gefe, na tsiyayewa a ƙasa, a Toyota sifana 24 ke kama su. A fara kwance na gefe. Na ga wanda ya tsiyaye mai tas sannan na sama ya ƙi kwantuwa, mota ta kwana a ramin gareji. Notin ƙasa yawanci da mayen ƙarfe a jikinsa: idan baƙin gari mai laushi ne ya manne, wannan cin yau da kullum ne, a goge. Idan gutsattsarin ƙarfe ne da za ka ji a yatsa, akwai magana. A tari tsohon man a kwano mai tsabta a duba shi a rana. A cika sabo har sai ya fara dawowa ta bakin ramin gefe, nan ne ma'auninsa, ba a ƙarawa. A ɗauko miki hoton galan gaba da baya, a kawo miki fankon gida. Ba don direban ɓarawo ne ba, shi ma ana iya cutarsa, nawa ɗan ƙanwata ne kuma da zuciya ɗaya ya yi. Ki rubuta kwanan wata da lambar kilomita a littafin da kike rubuta balas. Ni yanzu duk kilomita 40,000 nake canza na giya da na aksul, saboda kaya da yashi, kuma duk juyen baƙin mai na biyu sai an buɗe notin gefe an tsoma yatsa.

Fankon nan kuma, don Allah mata, a huda shi. Kada a wanke a zuba ruwan sha ko man gyaɗa, ba ya wankuwa. Tsohon man ma kada a zubar kusa da rijiya, kada a shafa wa yaro ko dabba a ƙurji kamar yadda na ga ana yi a ƙauye.

Abu guda da ba ya jiran kilomita shi ne ruwa. Da aka yi ruwan nan mai yawa a Sabha cikin Satumban 2024, unguwanni suka cika, motoci da yawa sun ratsa ruwa har ƙofa. Giya da aksul suna da 'yar hanyar shan iska a sama, idan suna da zafi suka shiga ruwan sanyi sai su zuƙo shi. Mako guda bayan nan na sa aka buɗe tawa, man aksul na baya ya fito fari-fari kamar shayi da madara, wata biyu kacal da zuba shi, dole aka zubar. Ku da ke Damagaram da Maraɗi da Katsina, inda motar kasuwa ke ratsa korama duk damina, ku sa a duba da zarar ruwa ya ɗauke.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma maganar aika kuɗi, akwai saƙonni uku da ke jira a kanta. Hajiya, idan an buɗe notin a turo mini hoton abin da ya manne a jikinsa, zan kai wa Usta ya gani.